Tsohuwar Tarakta Da Matsalar Ɗaukar Zafi: A Fara Bincike Daga Waje

Daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin haro da huɗar farko, tarakta ta fi shan wuya a Arewa. A Sakkwato da Katsina zafin rana kan haura digiri 40, ƙasa ta bushe ta yi tauri, ga manoma sun yi layi kowa na so a shiga gonarsa kafin ruwa ya zauna. Da yawa daga cikin taraktocin da ke wannan aiki kuwa sun kwana biyu a duniya. Akwai Massey Ferguson 135 da aka ƙera a Ingila, da ƙanwarta 375, da Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, da Fiat ta Kano. Injinansu na da juriya, amma zafi na cikin abubuwan da suka fi saurin kashe su. Abin takaici, sau da yawa ana kwance kan inji a kashe kuɗi masu yawa, alhali matsalar ba ta wuce ƙaiƙayin da ya toshe lagireto ba.

Injin dizal ba ya mayar da duk ƙarfin man da ya ƙona zuwa aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke jan garma, wani kashin ya fice ta salansa, ragowar kuma ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa na tura ruwa ya zagaye silinda da kan inji, ya ɗebo zafi ya kai lagireto, fanka ta jawo iska ta cikin siraran haƙarƙarinsa ta huce shi, sannan ya koma. Saboda haka dalilin ɗaukar zafi ba ya wuce huɗu: ko ruwa ya yi kaɗan, ko ba ya zagayawa, ko iska ba ta ratsawa, ko kuma injin na haifar da zafin da ya fi ƙarfin lagireto.

Da zarar allurar agogon zafi ta doshi ja, direba ya ɗaga garma ya tsaya. In akwai ruwa kuma fanka na juyawa, ya bar injin yana aiki a hankali na 'yan mintoci don zafin ya sauka. In kuwa tiyo ya fashe ko fambel ya tsinke, ya kashe nan take. Kada ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan zai yi tsiri ya sale masa fuska da hannu. Kada kuma ya kwara ruwan sanyi cikin injin da ya yi ƙuna, don ƙarfe kan tsage, kuma tsagaggen kan inji ba ƙaramar asara ba ce.

Bayan ya huce, sai a fara da abin da ido ke gani. A duba yawan ruwa, a bi tiyo na sama da na ƙasa, da gindin famfon ruwa inda ɗigo kan bar fari-farin tabo. Daga nan a leƙa fuskar lagireto. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da ɓurɓushin kara sukan like a jikinsa, musamman in akwai danshin mai. A haska tocila ta baya: in haske bai fito ta gaba ba, iska ma ba ta wucewa. Ana wanke shi da iska ko ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren fanka zuwa waje, ba tare da an lanƙwasa haƙarƙarin ba. Sai fambel. In an danna tsakiyarsa da babban yatsa, bai kamata ya lotsa fiye da santimita ɗaya da ɗan abu ba. Wanda ya yi santsi yana ƙyalli, zamewa yake yi ko da an ɗaure shi tamau. A tabbatar kuma da cewa ƙarfen da ke kewaye da fanka yana nan, domin shi ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto.

Murfin lagireto ƙaramin abu ne da ake rainawa. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya na riƙe matsi har ya ɗaga wannan iyaka zuwa wajen 110. In robarsa ta mutu, ko aka toshe bakin da tsumma da leda, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana ƙarewa.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire tamostat a jefar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne. Aikin tamostat shi ne tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 80. A wasu injinan kuma, yayin da ya buɗe yakan rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In an cire shi, hanyar na nan a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagaye da zafinsa. Injin da ke daɗewa bai ɗumama ba kuma ya fi shan mai, ringi da silinda su fi saurin cinyewa. Gwajinsa ba wuya: a saka shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. In ruwan ya kusa tafasa bai buɗe ba, a sayi sabo.

Ruwan da ake zubawa ma abin lura ne. Na kududdufi na ɗauke da laka, na wasu rijiyoyi da burtsatse kuma na da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi. In aka kashe inji aka shafa fuskar lagireto a hankali aka ji wani wuri da zafi wani da sanyi, bututun wurin sun toshe, sai mai gyaran lagireto ya buɗe ya zurara su. Ruwan sama da aka tace, haɗe da ruwan sanyaya inji na kanti, shi ke hana tsatsa cin fukafukan famfon ruwa.

In duk waɗannan lafiya suke, a dubi yadda ake aikin. Garmar da aka nutsa fiye da kima a busasshiyar ƙasa, da babbar giya da ke sa inji nishi yana fitar da baƙin hayaƙi, suna haifar da zafi. Haka ma toshewar matatar iska, da ƙarancin baƙin mai, da injekta da aka ɗaura ba bisa saiti ba.

Sai a ƙarshe ake zargin gasket. Alamominsa a fili suke: kumfa na ta ɓulɓulowa a bakin lagireto tun inji na da sanyi, farin hayaƙi mai danshi daga salansa, ruwa na raguwa ba a ga yoyo ba, ko baƙin mai ya koma fari-fari. A nan ma a tuna cewa galibi zafi ne ke ƙona gasket. Wanda ya sauya shi bai gano asalin dalilin ba, zai sake sayen wani kafin a yi girbi.

Masu tarakta da ƙungiyoyin manoma da ke bayar da haya su ɗauki abu biyu da muhimmanci. Na farko, a gyara agogon zafi. Taraktoci da dama na aiki da mataccen agogo, direba ba ya sanin halin da ake ciki sai ya ga tururi, a lokacin kuwa ɓarna ta riga ta fara. Na biyu, a yi wankin lagireto da sauya tiyo da fambel da murfi tun watan Fabrairu ko Maris, kuma a koya wa direba da yaronsa duba ruwa da mai kowace safiya. Kuɗin waɗannan duka bai kama ƙafar kuɗin kwance inji ba, balle asarar manoman da za su rasa shukar farko saboda tarakta na gareji.