Agogon juyin inji: yadda ake sa shi a motar bashe

Idan kana tuƙa motar bashe, wadda wasu ke kira a-kori-kura, ka san agogon da ke nuna gudun mota. Akwai wani agogon daban da ke nuna gudun inji, wato sau nawa inji yake juyawa cikin minti ɗaya. Masu sayar da kayan mota suna kiran shi compte-tours da Faransanci. Tsofaffin motoci da yawa, kamar Peugeot 504 bashe da wasu Toyota Hilux, ba su zo da shi ba. Amma ana iya saye a sa.

Mene ne amfaninsa? Mota mai ɗauke da buhunan albasa daga Galmi, ko wadda ta shiga rairayi, tana iya tafiya sannu alhali inji yana kuka da iyakar ƙarfinsa. Agogon gudu ba zai faɗa maka wannan ba. Agogon juyi shi ne zai nuna maka lokacin canza giya, don kada inji ya wahala kuma kada mai ya tafi a banza.

Karanta shi ba wuya. Idan an rubuta x1000 a fuskarsa, kuma allura ta tsaya a kan 2, inji yana juyi 2000 a minti ɗaya. Wasu an rubuta musu x100. A nan lamba 20 ita ce 2000.

Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi kanka: motata isansi take sha, wato fetur, ko gazuwal? A nan ne mutane suka fi yin asara, domin agogon motar isansi ba ya aiki a motar gazuwal, sai in an rubuta cewa yana yin duka biyun. Ka duba kuma ƙarfin wutar motar. Yawancin bashe volt 12 ne, amma akwai wasu Land Cruiser masu volt 24.

Agogon yakan zo da waya huɗu. Galibi ja ta wuta ce, baƙa ta mas ce, fara ta fitila ce, koriya kuma ita ce mai kawo labarin juyin inji. Na ce galibi, domin kowane kamfani da nashi launi. Takardar da ke cikin kwali ita ce gaskiya. In ba ka iya karanta harshenta ba, ka nemi wanda zai karanta maka.

Aikin farko shi ne cire kan batir mai alamar ɗebewa (−). Kada ka tsallake wannan. Sai ka haɗa jar waya da wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, ba da batir kai tsaye ba, don kada agogo ya kwana yana shan batir. Ka sa ƙaramin fiyus a kan wannan waya, irin wanda takarda ta faɗa. Waya marar fiyus in ta goge ta taɓa ƙarfe tana iya tada gobara a ƙarƙashin tablo. Baƙar waya a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota, inda aka kankare fenti da tsatsa. Fara kuma a haɗa ta da wutar fitilun tablo.

Saura koriyar waya, kuma ita ce mai wuyar.

A tsohuwar motar isansi mai delko, ka nemi bobin, abin nan da ke ba buji wuta. Yana da ƙananan kawuna biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+) ko lamba 15, ɗayan yana da alamar ɗebewa (−) ko lamba 1. Koriyar waya ta tafi ga mai alamar ɗebewa. Kada ta kusanci babbar wayar tsakiya, domin wutarta tana da ƙarfi ƙwarai. Agogon yana ƙirga tartsatsin da bobin ke bayarwa ne. Inji mai silinda 4 yana ba da tartsatsi 2 a kowane juyi, mai silinda 6 yana ba da 3. Shi ya sa akwai ɗan maɓalli a bayan agogo mai lambobi 4, 6 da 8. Idan injinka mai silinda 4 ne amma maɓalli yana kan 6, to inji zai yi juyi 3000 agogo ya nuna maka 2000. Kai kuwa sai ka ƙara taka mai, kana tsammanin da sauran wuri.

Injin gazuwal ba shi da bobin. A nan ana ɗaukar labarin daga altanato, na'urar da ke cajin batir, a kan da aka yi wa harafin W. Altanato da yawa na motocin Japan ba su da wannan kai. Mai gyaran wutar mota yana iya buɗe shi ya fitar da waya daga ciki. Wannan ba aikin gwaji ba ne a gida. Bayan haka dole a daidaita agogo da ɗan sukurun da ke bayansa, ana gwada shi da na'urar awo ta hannu, domin altanato ya fi inji saurin juyi. In bel ɗinsa ya saki yana zamewa, allura za ta nuna ƙasa da gaskiya.

Sababbin motoci masu kwamfuta a inji daban suke. Kada ka yanke musu waya. Ka kai wa wanda ya san su.

Wajen ratsa waya daga ɗakin inji zuwa cikin mota, ka bi ramin da yake da zoben roba. Ka nisanta ta da salansa da bel, ka ɗaure ta don kada girgizar hanya ta goge ta. Agogon kuma a kafa shi inda ido zai gan shi ba tare da ya tare hanya ba.

Yanzu mayar da kan batir, ka tada mota, ka bari inji ya yi zafi. A ralanti, allura ta kamata ta tsaya wajen 700 zuwa 800. In tana rawa, fara duba mas. In ta nuna nesa da haka alhali kukan inji daidai yake, koma ga maɓallin nan ko sukurun da ke baya.