Fiɗar ƙashin bayan yara: mai sa barci ma abin tambaya ne

Daga Alela zuwa Illela, idan yaro ya soma doro, iyaye kan ce iska ce ko faɗuwa. Sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Amma akwai yara ƙalilan da suka gaji cutarsu, musamman inda auren zumunci ya yawaita, kuma su ne suka fi tsorata likitoci ranar fiɗa.

Mutanen yankin sun saba da asibitin Galmi, a gundumar Malbaza, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950. Babban aikin ƙashin baya kuwa yakan kai iyali Yamai ko Sakkwato. Can kowa sunan mai wuƙa yake tambaya. Ba a cika tambayar wanda zai sa yaron barci ba, alhali numfashin yaron da bugun zuciyarsa suna hannunsa awowi da dama.

Cutar Morquio, wadda wani likitan yara na ƙasar Urugwai ya bayyana a 1929, tana hana yaro tsawo, tana kuma barin ƙasusuwan wuyansa sako-sako. In aka tanƙwara kansa baya domin zura bututun numfashi, kamar yadda ake yi wa kowa, laka na iya matsewa ya tashi a shanye. Cutar Duchenne kuma, mai cinye naman jikin yara maza, ba ta jituwa da allurar suxamethonium: tana iya tsai da zuciya nan take. Ko mai emasi, amosanin jinin da ya zama ruwan dare a Nijar, sai an tsare shi daga sanyi, ƙarancin ruwa da na iskar oksijin.

Rabin maganin yana bakin dangi. A 1960, a Melbourne ta Ostireliya, wani saurayi mai karayar ƙafa ya ji tsoron maganin barci, domin ƴan'uwansa 10 sun rasu sanadinsa. Likitoci suka saurare shi, suka yi shiri. Zazzaɓi mai tsanani ya taso masa ana cikin aiki, amma ya rayu. Ta haka aka gane wannan zazzaɓin gado ne, kuma tun 1979 ake kashe shi da maganin dantrolene.

Saboda haka uban da ya haɗa kuɗin tafiya, ya zauna da tsofaffin gida tukuna: wa aka taɓa yi wa fiɗa bai farka ba? A asibiti kuma ya tambaya ko akwai dantrolene a ajiye.