Ba Mu da Teku, Amma Mun Ga Malala

Duk sa'ad da rediyo ya ba da labarin malalar mai a tashar jiragen ruwa, ko a Legas ko a Fatakwal, mu mutanen yammacin Zamfara mukan ji shi kamar labarin wata duniya. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, babban jirginmu shi ne kwalekwalen fito. Amma, 'yan'uwa masu karatu, mu ma an yi mana malala. Tamu ƙura ce, kuma a tsakar gida ta zuba.

A tashar jiragen ruwa ba a jira sai mai ya zube kafin a nemi dabara. Akan tanadi shingen roba mai yawo a bisa ruwa domin a kewaye man kada ya bazu, da injunan tsotse shi, ma'aikata kuma sukan gwada aikin tun ana zaune lafiya. Tun 2006 Nijeriya tana da hukumar NOSDRA saboda wannan, ƙa'idar kuwa ita ce wanda ya zubar shi zai biya. Duk da haka, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Mu kam ba mu da shiri ko kaɗan. Da zinariya ta yi tsada, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka zuwa cikin gari. Ana niƙa su da injin niƙa, mata suna dakawa a turmi, ana shanya garin a inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san cewa dutsen cike yake da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa, amma wa zai tsaya binciken mutuwar agwagwa? A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da yara suna amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jininsu sai gaskiya ta fito. Yara fiye da 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Sunke da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum.

Aikin gyaran ya yi kama da na bakin teku, gama shi ma kwashewa ne. Da fartanya da shebur aka bi gida gida ana kankare ƙasar sama, ana ɗura ta a buhuna, a kai rami na musamman a binne, sa'an nan a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Likitoci suka ce ba amfani a ba yaro maganin fitar da dalma daga jini in zai koma ya zauna cikin ƙurar, saboda haka magani ya jira gyara. A nan ne Bagega ta sha wuya. An gyara ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011, ita kuwa sai 2013, bayan an yi ta kuka kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. Shekara uku ke nan yaranta suna wasa a kan guba. Waɗanda suka rayu ma, dalma takan bar wa wasu rauni a ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa.

Abin da ya fi damunmu shi ne zancen wanda zai biya. A tasha akwai kamfani, akwai inshora, akwai kotu. A Dareta fa? Wanda ya kawo dutsen shi ne uban yaron da aka binne, kuma abinci yake nema wa gidansa. Ba mu ga yadda za a kira shi mai laifi ba.

A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamban 2024. MSF kuwa ta miƙa aikin ga hukumomin jiha tun 2022. Dalma tana nan cikin dutsen yadda take, shingen da muke da shi kuma ɗan kaɗan ne: a niƙa dutse da ruwa, a nesa da gari, mai aikin kuma ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa.