FATSA DA GASHIN ZAKARA: YADDA MASUNTAN INGILA KE YI IN KOGI YA KAWO

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi, ko a Yawuri ne ko Argungu ko Haɗeja, ya san cewa ranar da kogi ya kawo ba ranar wasa da ruwa ba ce. To amma a ƙasashen Ingila da Sikotilan akwai waɗansu masu fatsa waɗanda ba abin da suke fata a watannin Yuli da Agusta kamar a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya batse. In an kwana ana tsawa, da asuba sai a gan su a bakin gada suna leƙen ruwa. Kifin da suke nema sunansa tirawut. Abin da suke sa wa ƙugiya kuwa, maimakon tana ko fara, gashin zakara ne da zare.

WANE IRIN KIFI NE?

Tirawut ɗan'uwan kifin samon ne. Jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe da jajaye, kuma na ƙananan koguna bai cika wuce nauyin laba 1 ba. Mazauninsa ruwa ne mai sanyi, mai gudu a kan duwatsu da tsakuwa. In zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Santigiret sai ya fara galabaita, in kuwa ya kai wajen digiri 25 ya daɗe a haka, to mutuwa zai yi, gama ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar yadda ruwan sanyi ke yi. Saboda haka ne ba a samunsa a Kwara ko Binuwai, balle a ruwayen Ikko da Fatakwal.

Yawancin abincinsa ƙwari ne. Akwai ƙwarin da 'ya'yansu ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, in lokaci ya yi su taso saman ruwa, su yi fiffike su tashi, kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan fari. Su ne mai fatsa ke kwaikwayo. Yakan ɗauki ƙaramar ƙugiya ya naɗa mata zare da gashin tsuntsu da na zomo, har ta yi kama da ƙwaro. Da yake wannan ƙwaron ƙarya ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, sai aka sa nauyin a jikin igiyar. Sandar takan kai tsawon ƙafa 9, mai ita yana kaɗa ta gaba da baya kamar mai bulala, igiyar ta miƙe a sama, ƙwaron ya sauka kan ruwa a hankali.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Tun wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum, Aelian, ya ba da labarin masuntan Makidoniya masu naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. A 1496 an buga wani ɗan littafi a Ingila wanda ya lissafa irin waɗannan ƙwari guda 12, kowane da watan da ya dace da shi. A 1676 Charles Cotton, mai fatsa a Kogin Dove, ya ƙara wani sashe a kan wannan fanni cikin littafin da abokinsa Izaak Walton ya fitar a 1653. Daga baya masu fatsa suka rabu biyu. Frederic Halford, wanda littafinsa ya fito a 1886, ya tsaya a kan ƙwaro mai yawo a saman ruwa. Shi kuwa G. E. M. Skues, daga 1910, ya nuna cewa kifi ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa. An daɗe ana wannan gardama, amma ranar da kogi ya kawo hanyar Skues ce ke aiki.

KOGUNA IRI BIYU

Ba kowane kogi ne ruwan sama ke tayarwa ba. A kudancin Ingila akwai koguna irin su Test da Itchen waɗanda ke gudu a kan ƙasa mai alli. Allin yakan shanye ruwan sama, sa'an nan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa, don haka da wuya a ga sun gurɓace ko sun tumbatsa da sauri. Amma a arewaci da yammacin ƙasar, da Wels da Sikotilan, inda koguna irin su Tweed da Eden da Wharfe da Usk ke gangarowa daga tsaunuka, dutse ba ya shan ruwa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, cikin 'yan sa'o'i kogi ya tashi, bayan kwana biyu ko uku kuma ya koma.

In aka daɗe ba ruwa a lokacin zafi, waɗannan koguna sukan ƙanƙance, ruwan ya yi ɗumi, ya yi garau. Kifi ya lafe a ƙarƙashin dutse, ba ya cin kome sai da almuru ko da asuba, kuma tun daga nesa yake hango mutum. Hausawa ma sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Ruwan sama shi ke sauya wannan hali. Yana sanyaya kogi, ya ƙara masa iska, ya wanko tana da ƙwari daga gaɓa, ya tumɓuke waɗanda ke manne da duwatsu. Bugu da ƙari, gurɓacewar ruwan takan ɓoye mai fatsa daga idon kifi, har manyan da ba sa fitowa da rana su fito kiwo.

LOKACIN SHIGA DA NA JIRA

Gwanayen wannan sana'a sun kasa cikar kogi kashi uku. Na farko shi ne sa'ad da ruwa ke hawa, yana ɗauke da itatuwa da ganyaye, launinsa kamar na kunun kanwa. A nan kifi ba ya ganin ƙwaro, hankalinsa yana kan neman mafaka, mai hankali kuma ba ya sa ƙafa a ruwa. Na biyu shi ne sa'ad da ruwa ya tsaya cak, bai hawa bai sauka. Na uku, wanda shi ake jira, shi ne sa'ad da ya fara janyewa, laka ta kwanta, launinsa ya koma kamar shayin da ba madara. In mutum ya tsaya a gefe ruwa ya kawo masa ƙwauri, yana kuwa iya ganin takalminsa, to lokaci ya yi.

Sanin inda kifi yake shi ne rabin aikin. Tirawut ba ya son ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da igiyar ruwa, saboda haka yakan bar tsakiyar kogi ya koma inda ruwa ke tafiya a hankali: gefen gaɓa, bayan manyan duwatsu, cikin kwana ta ɓangaren da ruwa ba ya duka, da bakin ƙorama inda ruwa mai haske ke shigowa. Sau da yawa kifin yana nan bai fi taku biyu daga gaɓa ba, a wurin da jiya ma busasshiyar ciyawa ce. Sabon shiga yakan faɗa ruwa da gaggawa ya kori kifin da ya zo nema.

Kayan aiki ma sukan sauya. Ana ɗaura ƙwaro wanda ya fi na kullum girma, baƙi ko mai duhu, domin shi ya fi fitowa fili a cikin gurɓataccen ruwa. Akan sa masa ɗan dutsen ado na ƙarfe mai nauyi a ka, don ya nitse da sauri ya kai inda kifi ke kwance. Waɗansu kuma sukan yi wanda ya yi kama da ƙaramin kifi, su riƙa jansa kaɗan-kaɗan. Ba a jifa nesa. Mai fatsa yakan ɗaga sanda sama, ya bar ƙwaron ya bi ruwa kusa da shi yana taɓa ƙasa, dabarar da masuntan Poland da Cekoslobakiya suka yi suna da ita a shekarun 1980. Da igiya ta ɗan tsaya, sai ya fizga.

HAƊARIN DA KE CIKI

Kogin da ke ba da kifi shi ne kuma ke cin mutum. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum. Masu fatsa sukan sa dogon wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, in kuwa mutum ya faɗi ruwa ya cika wandon, fita takan yi wuya. Don haka ake ɗaure ƙugu da ɗamara tam, a riƙe sandar dogarawa, a sa rigar da ke hana nitsewa.

Babban abin tsoro shi ne ruwan da aka yi a kan tsauni, nesa da inda mutum yake. Sama tana iya zama garau a kansa, alhali kogi yana tahowa. Tsofaffin hannu sukan kafa kara a bakin ruwa su riƙa dubawa. In ruwa ya fara hawan karan, ko aka ga ganyaye da ƙirare sun yawaita, sai a fito nan da nan, ko da kifi yana ci. Mutanen Ingila ba su manta da abin da ya faru a garin Lynmouth ba a watan Agusta na 1952, sa'ad da aka yi ruwa wajen inci 9 cikin sa'o'i 24 a kan tudun Exmoor. Kogunan Lyn biyu suka gangaro cikin dare da duwatsu da itatuwa, mutum 34 suka hallaka.

DOKA DA HALIN KOGUNA

Ba a shiga wannan su kara zube. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 tilas ya mallaki lasin na fatsa, sa'an nan ya nemi izinin mai ikon wurin. A Sikotilan doka ta buɗe kamun tirawut daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba, sauran watannin a bar kifi ya yi ƙwai. Yawancin masu fatsa a yau sukan jiƙa hannu, su zare ƙugiya, su mai da kifin ruwa da ransa.

Duk da haka kifin yana cikin matsi. A Yuli na 2022 zafi ya haura digiri 40 a Ingila, abin da ba a taɓa aunawa a can ba, koguna da yawa suka ƙanƙance. Ruwan da ke biyo bayan irin wannan zafi ba kullum yake zama alheri ba. Yakan wanko dattin tituna da takin gonaki da ƙazantar magudanai zuwa kogi, iskar ruwa ta ragu, kifi ya mutu tuli, kamar yadda aka gani a wurare da dama a Yuni na 2023.

Turawa sun kai wannan kifi ƙasashe da yawa. A 1864 an kai ƙwansa Tasmaniya cikin ƙanƙara a jirgin ruwa, a 1905 kuma aka kai shi tsaunukan Kenya. Yana nan kuma a Afirka ta Kudu da Lesoto, inda ruwan sama ke tayar da koguna a watannin Disamba da Janairu. A Kenya ma naɗa ƙwaron ƙarya ya zama sana'a, ana yi da hannu ana sayarwa Turai da Amurka.

'Yan Arewa mazauna Kudu ba za su kama tirawut a nan ba, amma karan da mai fatsa ke kafawa a bakin ruwa ya shafe su. Tsofaffin mazauna Sabo a Badun suna tune da yadda Kogin Ogunpa ya tashi a ƙarshen Agusta na 1980 ya ci rayuka masu yawa da dukiya, mutanen Anacha kuma sun ga cikar Kwara a 2012 da 2022. Masu wanki da masu ɗibar yashi da masu shayar da dabbobi a bakin rafi, da yaran da ake aika ɗibar ruwa da damina, ya kamata su riƙa duban launin ruwa da abin da yake ɗauke da shi, in ya sauya su hau tudu tun da wuri.