Kafin A Sauke Inji: Me Ke Cinye Ƙarfin Tsohon A-Daidaita-Sahu?

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Musawa, aka shiga kwasar masara da dawa da waken soya daga gona zuwa gida, daga gida zuwa kasuwa, kukan da kanikawa suka fi ji a bakin masu a-daidaita-sahu ɗaya ne: "Oga, keken nan ba ya ja." A kan miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau yake tafiya, amma da an ɗora lodi an doshi ɗan hawa sai ya kama nishi, a dawo giya ta biyu, a dawo ta ɗaya, har fasinja ya fara shirin sauka ya tura. Amsar da direba ya saba samu ita ce inji ya gaji, sai an sauke shi an sa sabon ringi da fistin. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa matsalar ba ta kai a kwance ko noti ɗaya na inji ba.

Ya kamata a fara sanin abin da ake hawa. Keken ya bazu a Najeriya ne ta shirin yaƙi da talauci na NAPEP wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, sunan a-daidaita-sahu kuma daga Kano ya samo shi zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Galibin waɗanda ke kan hanyoyinmu ƙirar Indiya ne, Bajaj da TVS, masu silinda ɗaya, cc kusan 200, ƙarfin doki wajen goma. Direba da fasinja uku aka ƙera su su ɗauka. Mu kuwa sai mu jibga buhun masara biyar mai kilo 100, wato rabin tan, mai kayan ma ya ɗare gefen direba. Injin da dama ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, ko kaɗan ya rasa, a hawan farko za a gani.

Abu huɗu inji ke bukata: iska, mai, wuta, da matsi a cikin silinda. Iskar ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ya fi sha. Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone yadda ya kamata, sai ta haɗu da iska wajen lita 9,000, kuma duk wannan iskar ta cikin ɗan soso ko takardar iya-kilina take bi. To a duba hanyoyin ƙauyukanmu daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu: ga ƙurar hunturu, ga jar ƙasar da motar gaba ke tayarwa, ga ƙaiƙayin sussuka. Matacin ya toshe, iska ta ragu, mai ya yi wa inji yawa, sai baƙin hayaƙi da shan mai da kasala. Abin takaici, wasu direbobin da suka gano haka sai su cire matacin gaba ɗaya, su ji keke ya buɗe, su yi murna. Murnar ba ta daɗewa. Ƙurar da ke shiga kai tsaye ita ke goge ringi da jikin silinda, kuma ita ce ke kai mutum ga sauke injin da yake gudu tun farko.

Ƙwararren bakanike ba ya yanke hukunci sai ya kwance fulogi ya kalli bakinsa a rana. In ruwan ƙasa ne, a bushe, ƙonewar mai daidai take, a nemi matsalar a wani wuri. In baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, ya shafa ya ga toka a yatsa, mai ya yi yawa: ko iya-kilina ya toshe, ko an manta cok a jawo, ko kafireto na ambaliya. In baƙin yana da maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne ke hawowa, nan kam ana iya zargin ringi. In kuwa fari ne fat, to inji yunwa yake ji, mai ba ya isarsa.

Wannan farin fulogin ya yi yawa a garejinmu, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin fetur ya ninninka, direban da ke da balas a wuya ya shiga lissafin kowace lita. Sai ya je gareji ya ce, "Don Allah Oga, a rage masa shan mai." Bakanike ya sauke allurar kafireto, ko ya sa jet mai ƙaramin rami. Kwana biyu direba ya ga kamar ya ci riba. Amma injin da aka ƙuntata wa mai zafi yake ɗauka, ga shi mafi yawan kekunan nan iska ce kawai ke sanyaya su. Ƙarfi ya ragu, dole a riƙa murɗa totur har ƙarshe a ƙaramar giya, man da aka ce za a tsimi ya tafi, daga baya bawul ya ƙone. A ganina babu gyaran da ya fi wannan cutar masu keke, kuma su da kansu suke roƙon a yi musu shi.

Sai shi kansa man. Wanda ke nesa da gidan mai ba shi da zaɓi sai na 'yan bumburutu, kuma galan ɗin da ya kwana a buɗe ko durom mai tsatsa ba a rasa ruwa da datti a ƙasansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a kwanon kafireto, daidai inda jet ke zuƙa. Alamarsa, keke na tafiya sai ya sarƙe, ya yi kamar zai mutu, ya sake kamawa. A kwance notin ƙasan kwanon a tara abin da ya zubo a farar kwalba, za a ga ruwan ya ware a ƙasa. Gidan mai ma ba a ce ya kuɓuta ba: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Beljiyam, injuna da dama suka lalace. Akwai kuma wani ɗan abu da ake rainawa, ƙofar iskar murfin tanki. In ta toshe, keke zai yi tafiyar 'yan mintoci ya shaƙe, a buɗe murfin a ji ya ja iska, ya tashi kamar ba shi ba.

Wani lokacin ma injin ƙalau yake. In an murɗa totur ƙara ta ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne ke zamewa. In bayan tafiya an taɓa wajen birki an ji zafi rau, birki ne ke riƙewa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ma tana cin ƙarfi, kuma mai faci zai duba ta a kyauta ko da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Keken da ke ja da safe amma ya yi laushi in ya ɗau zafi, a auna tazarar bawul, domin in ta matse bawul ba ya rufewa ruf, matsi ya riƙa zurarewa. A kuma kankare taɓon damina da ya bushe a tsakanin haƙarƙarin silinda, don ta nan zafi ke fita.

Gajiyar inji ta gaske tana da shaidunta: shuɗin hayaƙi a salansa, baƙin mai na raguwa tun kafin lokacin juye, wahalar tashi da safe. Ko a nan ma akwai awo. Ana ɗaura ma'aunin matsi a ramin fulogi a juya inji a karanta. In ya yi ƙasa, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin a sake gwadawa. Matsi ya tashi, ringi ne. Bai tashi ba, a duba bawul ko gasket, aikin da a kan silinda kaɗai za a yi shi. Wannan ƙa'idar ita ce dai a babur, da kurkura, da injin ban ruwan masu noman rani.

Don haka ɗan'uwa mai keke, duk ranar da aka ce maka sai an sauke inji, ka nemi a nuna maka bakin fulogi, a buɗe iya-kilina a gabanka, a zubar da kwanon kafireto, sannan a auna matsi. In duk an yi ya tabbata ringi ne, ka saya, amma ka haɗa da sabon mataci, ka kuma sa a mayar maka da jet ɗin da keken ya zo da shi.