Akwatin Gilashi Na Kifi: A Fara Da Shuka

Jama'a, a 'yan shekarun nan mukan ga akwatin gilashi cike da ruwa da ƙananan kifaye a kantunan Ankara da Kumasi, har ma a zaurukan waɗansu attajiranmu na zango. Amma sau da yawa mutum ya kan zuba kuɗinsa yau, kafin Juma'a biyu kifin duk sun taso ciki sama, sai ya ce mai sayarwa ya cuce shi. Galibi kuwa gaggawa ce ta kashe su. Wanda ya kulle mai rai a ɗakinsa, haƙƙinsa na wuyansa.

Ga dalili. Kashin kifi da ragowar abinci su kan zama amoniya, guba ce. A rafi ruwa mai gudu ya ke kwashe ta. A akwati kuwa sai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama jikin tsakuwa da soson matata, su ke juya ta ta koma abin da ba ya cutarwa sosai, tsiro kuma ya sha ya yi girma. Waɗannan ƙwayoyi ba su yawaita sai bayan mako 4 zuwa 6. Saboda haka tsiro a ke fara sawa, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa, sa'an nan a kawo kifi biyu ko uku, ba garke ba. Tun 1850 wani masani a Landan, Robert Warington, ya nuna tsiro na ba kifi iskar da ya ke shaƙa. Sai dai da haske ya ke ba da ita, da dare shi ma sha ya ke yi. To, mu da mun san dumsor, kada mu cika akwati da kifi muna dogara ga famfon lantarki.

A sami tebur mai ƙarfi, gama lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, akwati mai lita 60 da tsakuwarsa ya kai nauyin ƙato. Kada a aje shi inda rana ke bugu, gansakuka za ta rufe gilashin. Fitila awa 8 ta isa. Ruwan famfo yana da kulorin, sai a ɗiga masa maganin da masu kifi ke sayarwa, ko a ƙalla ya kwana a buɗe.

Tsiron da na fi yaba wa mai koyo shi ne Anubias barteri, wanda Turawa ke saye da tsada, alhali ɗan ƙoramun dajin kudancin Nijeriya da Kamaru ne. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai, wanda ya bi ayarin Dakta Baikie a kogin Kwara a 1857, ya rasu a Raba a 1859. Ganyensa kauri gare shi, ba ya neman haske mai yawa, jinkirin girma dai ya ke da shi. Yana da wata saiwa mai kauri a kwance kamar ta citta. Wannan in ka binne ta sai ta ruɓe. Ɗaure ta za ka yi da zare jikin dutse ko itace, da kanta za ta kama.

Batun kifi, kada yara su kawo maka karfasa, tone shuka ta ke yi. Tarwaɗa kuwa girma za ta yi ta haɗiye maƙwabta. Akwai wani mai jan ciki, kamar tsawon yatsa, sunansa kribensis, shi ma daga kudancin Nijeriya. Kife masa rabin ƙoƙon kwakwa mai ƙofa, nan zai yi ɗaki.

Abinci sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti 2. Nan masu alheri ke ɓarna, kowa ya shigo sai ya barbaɗa. A ba mutum ɗaya wannan aiki. Kowane mako a zuƙe rubu'in ruwan da tiyo a zuba sabo, ban da sabulu ko kaɗan. Soson matata kuma cikin tsohon ruwan da aka zuƙe a ke matse shi, domin na famfo zai kashe ƙwayoyin nan da aka yi wata guda ana jira.