Abincin Babban Zomo: Ciyawar Kanti Ko Ta Bakin Gona?

A 'yan shekarun nan kiwon zomo ya yawaita a ƙasar Kano ta arewa. Daga Ungogo da Minjibir har Bichi da Ɗambatta, da wuya mutum ya ratsa unguwa bai tarar da ɗan akurkin zomaye a bayan ɗakin wani ba. Waɗansu don sayarwa suke yi, waɗansu don nama, waɗansu kuwa sha'awa ce kurum, kamar yadda ake ajiye tantabaru. Masu sha'awar nan, galibi ma'aikata da 'yan kasuwa da 'ya'yansu, su ne yanzu suka fi damun malaman gona da tambaya guda. Sun gani a wayar hannu wai zomon da ya girma ba shi da abincin kirki sai wani na kanti mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira timoti. Sun je sun tambayi kuɗinsa, sun komo jiki a sanyaye.

To, mene ne timoti? Ciyawa ce kurum, irin ta ƙasashen sanyi. Asalinta daga Turai ne, amma a Amurka ta sami wannan suna, daga wani manomi Timothy Hanson wanda ya baza nomanta can wajen 1720. Ana yanke ta, a busar, a niƙa, a matse ta a inji ta fito 'yan ƙwayoyi dogaye kamar an gutsuttsura tsinke. Ba ta jure zafi irin na Kano, saboda haka duk wadda aka gani a kanti daga ƙetare aka kawo ta. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuwa, kowa ya san yadda kayan ƙetare suka koma.

Amma maganar da Turawa suke yi a kan ciyawan nan tana da tushe, ya kamata a fahimce ta. A can ana renon 'ya'yan zomo da abincin da aka yi da alfalfa, wata shuka ce dangin wake da gyaɗa. Tana da abin gina jiki da yawa, tana da sinadarin ƙashi, watau kalsiyam, mai yawa. Wannan shi ne daidai ga ɗan zomo mai girma da zomanya mai ciki ko mai shayarwa. In zomo ya kai wata shida ko bakwai, girma ya tsaya, ba ya haihuwa, yana zaune a keji yana ci kurum, to abin ya yi masa yawa. Sai ya yi ƙiba. Kalsiyam ɗin da ya wuce bukata kuwa ta fitsari zomo yake fitar da shi, shi ya sa ake ganin fitsarinsa ya bushe fari kamar farar ƙasa. In ya yi yawa yakan taru a mafitsara, wani lokaci har ya zama tsakuwa. Don haka suke juya babban zomo daga alfalfa zuwa timoti.

A nan ne mai kiwo na Bichi zai ga cewa zancen nasa ne. Alfalfar ƙasar Kano ita ce harawa, ta gyaɗa da ta wake. Timotinta kuwa ga shi nan a iyakar gona da gefen burtali da bakin fadama: harkiya, burburwa, kyasuwa, da ɗanyen ganyen gamba. Ciyawar da masu dawaki suka daɗe suna saye a hannun 'yan ciyawa, ita ce abin da babban zomo yake bukata.

Dalilin kuwa yana cikin halittarsa. Haƙoran zomo ba su daina tsawo har ya mutu, tauna ciyawa mai tauri ce take goge su. In bai samu ba sai su yi zaƙo-zaƙo, su soki harshe ko kumatu, ya riƙa dalalar da miyau, ya daina ci. Cikinsa kuma ba ya tafiya daidai sai da zare-zaren ciyawa. Yana da wani babban buhu a hanji cike da ƙananan halittu masu narka abin da ya ci. Daga nan yake fitar da wani kashi mai laushi, yawanci da dare, ya sake cinye shi tun daga bakin dubura. Wannan ba ƙazanta ba ce, haka Allah ya yi shi, a ciki yake samun sauran amfanin abinci. Zomon da ya yi ƙiba ba ya iya lanƙwasawa ya kai bakinsa wurin, sai kashin ya manne masa a gindi, ƙuda ya bi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Sau da yawa akan ga akawu ya karɓi albashi, ya sayo abincin kanti, ya zubar da dusar da zomon ɗansa ya saba da ita, ya cika masa kwano da sabon abu. Zomo ya sunsuna ya juya baya. Maigida ya ce ai in yunwa ta kama shi zai ci. Akuya ce za a yi wa haka, ba zomo ba. In zomo ya wuni ya kwana bai ci kome ba, cikinsa yakan tsaya cik, iska ta cika shi, ga shi kuwa ba ya iya amai. Wani kuma ya ci sabon abincin da yawa a rana ɗaya, halittun nan na hanjinsa ba su saba ba, sai gudawa. Ko ta wace hanya, da safe sai a ɗauki gawa, yaro yana kuka, ga jakar abinci mai tsada a ajiye.

Ga yadda ake juyin, ko zuwa timoti ne, ko zuwa ciyawar gida. A raba abincin wuni kashi huɗu. Kwana huɗu na fari a ba da kashi uku na tsohon abinci, kashi ɗaya na sabo, a cakuɗa. Kwana huɗu na biye a yi rabi da rabi. Sa'an nan kashi uku na sabo, ɗaya na tsoho. Wajen mako biyu ke nan an gama. Tsohon zomo mai taurin kai yana iya cin wata guda, ba laifi. Saboda haka kada a bari tsohon abinci ya ƙare kafin a fara.

Kowace safiya a duba ƙarƙashin keji kafin a share. Kashin lafiyayyen zomo manya ne, kewayayyu, busassu, masu yawa. In suka ƙanƙance, ko suka ragu, ko suka yi ruwa, a koma ma'aunin baya a dakata kwana biyu. In zomo ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, ya takure a lungu yana cizon haƙora, to a nemi malamin dabbobi a ranar, ban da jiran gobe.

Wanda duk da haka yake son na kanti, kuma yana da hali, ba a hana shi ba, abinci ne mai kyau. Sai dai ya san cewa ɗan kaɗan ake bayarwa. Ma'aunin da aka saba shi ne wajen giram 25 ga kowane kilo ɗaya na nauyin zomo a wuni. Zomo mai kilo 2 ke nan giram 50, kusan cikin ƙaramin gwangwanin tumatir. A wata guda bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Su kansu masu yin abincin ba su ce a ƙosar da zomo da shi ba, cewa suka yi busasshiyar ciyawa ta zama ita ce mafi yawan cimarsa. Wanda ya cika kwano maƙil yana ɓarnar kuɗinsa ne, yana kuma hana zomo taɓa ciyawa. Maƙwabta biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su sayi babbar jaka su raba, gama ta fi araha a kan kilo. A zuba a bokiti mai murfi, a ɗaga daga ƙasa saboda ɓera da gara da laima, kada kuma a sayi abin da zai wuce wata biyu ko uku.

Wanda ba shi da hali, lauje ya ishe shi. Sai dai wahalar ƙasar nan ita ce babu daji. Tun shekarun 1960, sa'ad da Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi binciken ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ya tarar kusan kowane taƙi ana nomansa kowace shekara. Yau abin ya fi haka. Ciyawa tana da masu nema, ga tumaki ga awaki ga jakuna. Wanda bai tanada da kaka ba, da bazara zai saya da tsada. Lokacin yanka shi ne ƙarshen damina, wajen Satumba, tun ciyawa tana kore, kafin kyasuwa ta fid da kai ta zama kara. A shanya ta ta bushe sarai, in da hali a inuwa mai iska don ta riƙe launinta, a ɗaure dami-dami, a ɗora a rumfa inda ruwa ba ya taɓawa. Zomo ɗaya yana bukatar ƙunshi kamar girman jikinsa kowace rana, kada kejinsa ya rabu da ita dare da rana. Lalle a tambayi mai gona ko ya yi feshin maganin ciyawa kafin a yanka a iyakarsa, gama feshi ya zama ruwan dare yanzu.

Harawa ba a yar da ita ba, ragewa ake yi. Ɗan tafin hannu a wuni ya ishi babban zomo, da dusa kamar cokali biyu ko uku a yayyafa mata ruwa, da ɗan ganyen zogale ko na dankali in akwai. Nan ma akwai sauƙin aljihu, don harawa takan yi tsada ƙwarai in masu kiwon raguna suka taso mata gabanin Babbar Salla. Wadda ta yi funfuna ko baƙi-baƙi a zubar, gama zomo ba ya jure dafin funfunar gyaɗa ko kaɗan.

Wani abu kuma da aka saba yi don neman araha shi ne ba zomo abincin kajin gidan gona. A bari. Na kaji masu ƙwai an cika shi da kalsiyam saboda ɓawon ƙwai, watau abin da ake gudu ke nan. Wani na kajin nama kuwa akan sa masa maganin ciwon hanjin kaji wanda yake guba ne ga zomo, kuma ba kullum mai sayarwa a mudu ya san abin da ke ciki ba.

Duk wannan magana ta babban zomo ce wanda ba ya aiki. Zomanya mai ciki, wadda takan haihu bayan kwana 31 ko kusa da haka, da mai shayarwa, da 'ya'yan da ba su kai wata shida ba, a bar musu harawarsu da dusarsu su ci su ƙoshi, a haɗa musu da ciyawa don su saba da ita tun suna ƙanana. In ana kiwonsu wuri ɗaya da manya, sai a raba keji kafin a fara juyin. Ruwa mai tsabta kuma tilas ne ga kowannensu, balle wanda ya koma cin busasshiyar ciyawa. Zancen da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa ba gaskiya ba ne. A sa masa a kasko mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a canza safe da yamma.